Yadda ake gwada dokar zafi a kan rayuwa: tulu, farantin mai, filas ɗin yis da alƙalami

Akwai tambayar da ɗaliban kimiyya kan jefo wa malamai, kuma tambaya ce mai ma'ana. Idan doka ta biyu ta ilimin zafi da makamashi ta ce komai na tafiya ne zuwa watsewa, ta yaya ƙwayar gero ɗaya ke zama kara mai zangarniya? Ta yaya halittu masu ƙwayar rai guda suka kai ga masu ido da ƙwaƙwalwa? Doguwar muhawara ba ta warware wannan. Ma'auni ne ke warware ta, kuma yawancin kayan aikin suna madafa. Za ka buƙaci ma'aunin zafi na dijital mai nuna ɗigo ɗaya bayan lamba, sikelin madafa mai auna giram ɗaya-ɗaya, kalkuleta mai maɓallin ln (logaridim na asali), da littafin rubutu. Sauran kayan za su zo a wurinsu.

Ƙa'idar da za ka riƙe

Rudolf Clausius, masanin Jamus, shi ya shigo da ma'aunin entrofi, wato ma'aunin yadda makamashi ya watsu, a 1865. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan zafi ya shiga wani abu, entrofinsa na ƙaruwa da adadin zafin, a jul (ma'aunin makamashi), raba shi da zafin jikin abin, a Kelbin. Idan zafi ya fita, entrofin ya ragu da wannan adadin. Kelbin kuwa shi ne digirin Salsiyos a haɗa da 273. Wanda ya manta ya raba da 30 maimakon 303, lissafinsa ya ɓaci da ninki goma tun daga layin farko, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi.

Abin da dokar ta ce shi ne jimillar entrofin abu tare da na kewayensa ba ta raguwa. Ba ta hana entrofin wani sashe ya ragu ba, muddin wani sashen ya ƙaru da abin da ya kai haka ko ya fi. Saboda haka kafin kowane gwaji, ɗauki alƙalami ka zana iyaka: me ke ciki, me ke waje, me ke tsallake iyakar. Ka ja layi uku a littafinka, ɗaya na abin da ya shiga, ɗaya na abin da ya fita, ɗaya na abin da ya canja a ciki. Duk wanda ya zo maka da cewa rayuwa ta karya dokar, nemi ya nuna maka iyakar da ya zana. Kusan kullum za ka tarar ya bar rana a waje, ko ya manta da zafin da jiki ke fitarwa.

Tulu: sanyi ba tare da wuta ba

Samu ƙaramin tulu sabo, wanda ba a shafa masa fenti ba. Jiƙa shi kwana guda tukuna don yumɓun ya ƙoshi, in ba haka ba ruwan da ƙasa ta shanye zai rikita maka ma'auni. Zuba lita 2 na ruwan da ya kwana a ɗaki, rufe bakin, ɗora shi a kan sikeli a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rubuta nauyi da zafin ruwan duk bayan minti 30. Ajiye wata lita 2 a rufaffiyar robar ruwa kusa da shi don kwatance.

A ce ruwan ya sauko daga digiri 30 zuwa 24. Kilo ɗaya na ruwa na buƙatar kilojul 4.18 don canja digiri ɗaya, to zafin da ya fita shi ne 2 × 4.18 × 6, wato kilojul 50. Entrofin ruwan ya ragu da jul 167 bisa Kelbin. Ruwa ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, ba injin, ba lantarki. Ina aka biya?

Ruwan da ya tsatso ta jikin tulu ya zama tururi. Kowane kilo na ɗauke kilojul wajen 2,430, don haka giram 21 sun isa su kwashe kilojul 50 ɗin. Tururin ya tafi da jul 167 bisa Kelbin, daidai da abin da ruwan ya rasa. Ribar tana cikin bazuwar tururin a busasshiyar iska. Giram 21 wajen mol 1.15 ne na ruwa (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne). Ninka shi da 8.314, tsayayyar lambar da ake lissafin iska da ita, sannan da ln na 1 bisa laimar iska. Idan laima kashi 20 ce cikin ɗari, kamar ranakun hunturu, ln 5 ya ba da 1.61, ƙarin ya zama jul 15 bisa Kelbin. Wannan 15 ɗin ita ke tura aikin. Sa laima kashi 90 a lissafin, irin ta watan Agusta, za ka ga ta koma 1. Shi ya sa ruwan randa ba ya sanyi da damina.

Sikelinka zai nuna asarar da ta wuce giram 21, wani lokaci ninki biyu ko uku. Kada ka ɗauka kuskure ne. Zafi na ci gaba da shigowa daga iska, kuma jikin tulun shi ma sai an sanyaya shi. Tsohon tulu da gishiri ya toshe wa ƙofofi ba zai ba ka komai ba.

Farantin mai: tsari daga kwararar zafi

Tulu ya nuna dokar ta yarda wani wuri ya ragu. Wannan gwajin ya fi shi nisa, domin yana nuna kwararar makamashi da kanta tana gina siffa. Henri Bénard ya yi shi a Faris a 1900 da narkakken kitsen kifin whale, kaurinsa wajen milimita ɗaya. Man gyaɗa ya wadatar.

Kana buƙatar farantin ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen gindi, faɗinsa santimita 20, wanda bai lotsa ba. Sai tukunyar da farantin zai zauna a bakinta daram. Sai hodar da za ta nuna motsin mai: hodar kwalliya mai ƙyalƙyali ta fi kyau, domin ƙwayoyinta falle-falle ne, suna juyawa da mai suna mayar da haske. Garin koko ko na kirfa mai laushi na iya aiki, sai dai hoton ba ya fita sosai.

Faranti mai faɗin santimita 20 yana da fili murabba'in santimita 314. Mililita 63 na mai za su ba ka kaurin milimita 2, mililita 94 kuma milimita 3. Fara da 63. Zuba rubu'in ƙaramin cokali na hoda, dama sosai. Cika tukunya da ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80 har ya taɓa gindin farantin, ka sauke ta daga wuta, sannan ka ɗora. Kada ka ɗora farantin kai tsaye a kan harshen wuta. Ban da haɗarin gobara, wuta na dumama tsakiya fiye da gefe, sai man gaba ɗaya ya riƙa gudu daga tsakiya zuwa baki, ka rasa abin da kake nema. Kashe fanka, rufe taga, ka haska tocila daga gefe, a kwance da saman man.

Da farko ba abin da zai motsa. Zafi na ratsawa daga ƙasa zuwa sama, man na tsaye cik. Bayan minti ɗaya zuwa uku sai saman ya fara rarrabuwa zuwa ƙananan ɗakuna, masu kusurwa biyar, shida, bakwai. In an bar su lafiya, masu shida za su yi rinjaye. Sunkuya ka bi ƙwayar hoda ɗaya da ido: tana tasowa daga tsakiyar ɗakin, ta yi gefe, ta nutse a bakin iyaka, ta bi ƙasa ta dawo tsakiya. Ɗora rula ka ɗauki hoto. Faɗin kowane ɗaki kan kai wajen ninki uku na kaurin man. Ƙara mai zuwa milimita 3 ka sake, ɗakunan za su girma su ragu a yawa. Kaurin mai ne ke yanke girmansu, faɗin faranti ba ruwansa.

Ƙarfi biyu ne ke iya tayar da wannan motsi, kuma an daɗe ana rikita su. Na farko, mai mai zafi ya fi sauƙin nauyi, yana son hawa sama. Lord Rayleigh ya yi lissafin wannan a 1916, kuma lambar da ke ɗauke da sunansa sai ta wuce 1,708 kafin ruwan da ke tsakanin faranti biyu ya fara juyawa. Lambar na tafiya da kauri sau uku a ninke, wato ka ninka kauri biyu ta ninku takwas. Na biyu, saman mai yana da ɗauri, kuma ɗaurin na sassautawa inda ya fi zafi, sai wuri mai sanyi ya jawo man daga wuri mai zafi. J. R. A. Pearson ya nuna a 1958 cewa wannan na biyun ne ya yi aiki a gwajin Bénard kansa, lambar da ake auna wannan ƙarfin da ita kuma sai ta kai wajen 80 kafin motsi ya fara. A milimita 2 na man gyaɗa, ɗaurin sama ne ke jan ragamar. Kana iya tabbatarwa: jera tsabar kuɗi uku a cikin farantin, ka ɗora gilashi a kansu yadda zai taɓa saman man ba tare da kumfar iska ba. A ƙarƙashin gilashin ɗakunan za su mutu, saboda babu sauran buɗaɗɗen sama da zai ja.

Matsalolin da aka saba gani kaɗan ne. In ɗakunan sun miƙe sun zama dogayen layuka masu gangara gefe ɗaya, farantin ya karkata, sa takarda a ƙarƙashin tukunyar ka daidaita. In man ya zama kamar laka, hoda ta yi yawa. In komai na birkicewa ba ya tsayawa, ruwan ya yi zafi da yawa ko man ya wuce milimita 5. In ba abin da ya faru sam, duba ko akwai iska tsakanin ruwan zafin da gindin faranti.

Abin lura a nan shi ne da zarar ɗakunan sun kafu, zafi na ratsa man da sauri fiye da lokacin da yake tsaye. Tsarin yana gaggauta watsewar makamashi. Sauke farantin a kan siminti mai sanyi, cikin ɗan lokaci siffar ta shafe. Ilya Prigogine na Jami'ar Brussels ya yi nazarin irin waɗannan tsare-tsare, masu tsayuwa kawai muddin makamashi na ratsa su, ya kuma samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1977. Guguwa da harshen kyandir duk 'yan gidan ne. Jikin mai rai ma haka.

Filas ɗin yis: auna zafin mai rai

Nemi filas biyu iri ɗaya masu cin lita ɗaya. A kowanne zuba mililita 500 na ruwan da aka tafasa ya huce zuwa zafin ɗaki, da giram 50 na sukari. Zafin ɗakin ya zama tsakanin digiri 28 da 33. A na farko zuba giram 10 na busasshen yis na burodi. Na biyu ma giram 10, amma wanda ka tafasa minti 10 a ɗan ruwa daga cikin 500 ɗin, ya mutu. Toshe baki da auduga, ma'aunin zafi ya ratsa ta tsakiya har cikin ruwan.

Kada ka kuskura ka ɗaure murfin. In yis ya cinye giram 50 na sukari, zai fitar da iskar kabon dayoksaid wajen giram 26, wato kusan lita 14. Filas ba zai ɗauka ba. Abin da ya rage a ƙarshe kuwa akwai barasa a ciki, zubar da shi ake yi.

Jira minti 15 kafin ka ɗauki ma'aunin farko, domin jiƙewar busasshen yis da narkewar sukari suna ɗan motsa zafin ba don rai ba. Daga nan rubuta zafi da nauyin kowane filas duk rabin awa, har awa shida. Ga abin da za ka duba. Mol ɗaya na gulukos (nau'in sukari), giram 180, in yis ya ruɓar da shi, yana ba da giram 88 na iska da zafi tsakanin kilojul 70 da 100. Ke nan kowane giram da sikeli ya rasa ya zo da kusan kilojul ɗaya. Ruwa mililita 500 na buƙatar kilojul 2.09 don hawa digiri ɗaya, saboda haka kowane giram ɗaya na asara ya kamata ya ɗaga zafin da kusan rabin digiri. Zana jadawali, asarar nauyi a kwance, hawan zafi a tsaye. A awannin farko layin kan miƙe, daga baya ya lanƙwasa ƙasa saboda filas na yoyon zafi. Filas ɗin mataccen yis bai kamata ya motsa ba. In ya fara ɗumi bayan kwana ɗaya, bakteriya ne suka shiga. In mai ran bai yi komai ba, ko yis ɗin ya tsufa, ko ruwan ya wuce digiri 55 ya kashe shi. A farkon awa nauyi kan yi jinkirin sauka, domin iskar na narkewa a ruwan har sai ya ƙoshi, wajen giram 1.3 a kowace lita. Kumfa kuma kan taso ta jiƙa audugar, shi ya sa ba a cika filas ya wuce rabi.

Wanda ba ya son aiki da yis sai ya yi da wake: jiƙa kofi biyu kwana ɗaya, tafasa rabi, wanke duka da ruwan bilic mai rauni ka ɗauraye, zuba a filas biyu. Mai tsiro zai yi ɗumi cikin kwana biyu zuwa uku. In ka tsallake wankin, dafaffen waken zai ruɓe ya fi mai ran zafi.

Yanzu layi na uku na littafinka. Mutane kan ɗauka jikin mai rai yana da entrofi ƙasa ƙwarai da na abincinsa. Da aka auna, busasshen yis na da wajen jul 1.3 bisa Kelbin a kowane giram, gulukos kuma wajen 1.2. Kusan ɗaya suke. Wannan ya isa ya hana mu fassara entrofi da hargitsin da ido ke gani. Yawancin makamashin da mai rai ke ci yana tafiya ne wajen riƙe bambance-bambance da gyaran abin da ke lalacewa: gishiri kaza a cikin ƙwayar halitta, kaza a waje, caji a wannan gefen fata, babu a wancan. Peter Mitchell ya kawo bayanin aikin wannan bambancin caji a 1961, ya samu Nobel a 1978. Fatar cikin mitokondiriya, sashen ƙwayar halitta da ke fitar da makamashi daga abinci, na riƙe da bambancin wajen milibolt 150 a kaurin nanomita 5, wato bolt miliyan 30 a kowace mita, kuma da wannan gangaren ake ƙera ATP, sinadarin da ƙwayar halitta ke aiki da shi. Mutumin da ke cin kilokalori 2,000 a rana yana fitar da zafi kusan wat 97 a matsakaici. Raba da Kelbin 300 na ɗaki, ka samu jul 0.32 bisa Kelbin a kowace daƙiƙa. Erwin Schrödinger ya yi nuni da wannan a laccocinsa na Dublin a 1943: mai rai na tsayawa ne ta hanyar zubar da entrofi waje ba fasawa.

Lissafin duniya gaba ɗaya

Wannan na alƙalami ne kawai. Hasken rana na isowa da wat 1,361 a kowace murabba'in mita. Raba huɗu saboda duniya dunƙulalliya ce, ka samu 340. Cire kashi 30 cikin ɗari da gajimare da ƙanƙara da hamada ke mayarwa, saura wajen 240. Duniya na fitar da kusan 240 ɗin nan zuwa sararin samaniya, don haka makamashi ba ya taruwa. Bambancin yana ga irinsa. Ya shigo daga fuskar rana mai Kelbin 5,800, ya fita a matsayin hasken zafi da ido ba ya gani, a Kelbin 255. Shiga: 240 ÷ 5,800 = 0.04. Fita: 240 ÷ 255 = 0.94. Rarar 0.9 ce a kowace murabba'in mita, kowace daƙiƙa. Cikakken lissafin haske na ninka wannan da huɗu bisa uku, amma bar shi haka, ƙaramin ma ya isa. Ninka da faɗin duniya, murabba'in mita tiriliyan 510, ka samu wajen jul tiriliyan 460 bisa Kelbin a kowace daƙiƙa.

Sai ɓangaren rai. Haɗa mol ɗaya na gulukos daga iska da ruwa na rage entrofi da wajen jul 260 bisa Kelbin. Tsirran tudu da na teku na tara kabon kusan tan biliyan 105 a shekara. Kowane mol na gulukos na da giram 72 na kabon. Yi rabon, ninka da 260, raba da daƙiƙoƙin shekara miliyan 31.5, za ka samu wajen biliyan 12 a daƙiƙa. Kwatanta da tiriliyan 460: kashi ɗaya cikin kusan 40,000. Kuma wannan ɗin ma numfashi da ruɓewa na mayar da kusan dukansa. Babu ko kusa da wurin da dokar ta takura.

Abin da ke takura rai shi ne ƙarancin abin da ake iya kamawa. Iyakar tsirrai irin shinkafa, alkama da wake kashi 4.6 ne cikin ɗari na hasken rana, irin gero, dawa, masara da rake kuma kashi 6, a gona ma ba a kaiwa nan. Daga tsiro zuwa mai cin tsiro, daga shi zuwa mai cin nama, wajen kashi goma kawai ke wucewa a kowane mataki, ƙiyasin da ya samo asali daga aikin Raymond Lindeman na 1942. Shi ya sa jerin masu cin juna ba ya cika wuce hawa huɗu ko biyar.

Inda ilimin zafi ya tsaya, gado ya karɓa

Koma kan farantin mai ka dama shi da cokali. Ɗakunan za su sake fitowa, amma ba su san na baya ba. Babu abin da ɗaki ɗaya ke bar wa wani. Ɗebi cokali ɗaya daga filas ɗin yis ka zuba a sabon ruwan sukari, abin da zai cika shi zuriyar na farko ne, da halayensu, har da kurakuran kwafi. Kwararar makamashi na ba da tsari, amma tarin sauyi daga zuriya zuwa zuriya sai da kwafi, da bambanci, da zaɓin yanayi.

A nan ne ake yawan wuce gona da iri. Alfred Lotka ya ba da shawara a 1922 cewa zaɓin yanayi na fifita masu kama makamashi da yawa, wasu kuma daga baya suka ce halittu na tafiya ne zuwa fitar da entrofi mafi yawa. Hasashe ne da ake tattaunawa, kada a koyar da shi a matsayin doka. Yis ɗin filas ɗinka ma ya isa ya nuna abin ba layi ɗaya ba ne. Ƙona gulukos da oksijin na sakin kilojul wajen 2,870 a mol, ya ba da ATP kusan 30. Ruɓarwa na ba da 2 kacal. Da oksijin yis na gina kusan rabin giram na jiki daga giram ɗaya na sukari, babu shi kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na giram. Amma duk da haka, in sukari ya yi yawa, yis na burodi na zaɓar ruɓarwa ko da oksijin na nan. Ya fi sauri, kuma barasar na kashe abokan gasa. A wurin wadata mai gaggawa ke ci, a wurin ƙaranci mai tattali.

Ana iya kallon wannan yana faruwa. Richard Lenski ya fara a Amurka a watan Fabrairun 1988 da kwalabe 12 na bakteriyar E. coli, kullum a ɗebi kashi ɗaya cikin ɗari a zuba a sabon abinci, zuriya wajen 6.6 a rana. Wajen zuriya ta 31,500, 'yan kwalba ɗaya suka fara cin sitiret, sinadarin da ke cikin ruwan tun ranar farko, ba wanda ke iya taɓa shi a gaban oksijin. Makamashin ya yi shekaru yana nan, hanyar kai masa ce sai da gado ya samar.

Wanda ya fi dacewa da ɗakin gwajin makaranta shi ne na William Ratcliff da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota, wanda aka buga a 2012. Sun raini yis a bututu goma, kullum su bar shi ya kwanta, su ɗebi na can ƙasa kawai zuwa sabon abinci. Cikin sauyi 60, duka goman sun koma dunƙule-dunƙule masu rassa, saboda 'ya'yan ƙwayar ba sa rabuwa da uwa bayan tsaga. In za ka maimaita, yi amfani da mililita 10 na abinci mai ɗauke da sukari da tsantsar yis, domin ruwan sukari zalla ba shi da naitirojin, zuriya za ta tsaya cikin kwanaki kaɗan. Riƙa girgiza bututun tsawon awa 24, tsayar da su minti 45, ka zuƙo mililita 0.1 daga gindi. Ajiye bututu biyu da ake ɗiba bayan girgizawa, ba tare da kwantarwa ba, su ne ma'aunin kwatance. Duba a madubin ƙara girma duk mako. Dunƙulen gaskiya yana da rassa masu fita daga tsakiya, kuma in ka farfasa shi ka raini ƙwaya ɗaya, sabon dunƙule za ta ba ka. Wanda ya manne kawai saboda danƙo ba shi da wannan siffar. Babban abokin gaba shi ne gurɓata: bakteriya sun fi yis saurin haihuwa, rana ɗaya ta sakaci ta isa su mamaye bututu. Dafa abinci da bututu a tukunyar matsi minti 15, yi ɗiban kusa da harshen wuta, kuma kowane mako ka ajiye kaɗan daga kowane bututu cikin gilisarin kashi 20 a injin daskarewa, yadda in layi ɗaya ya lalace za ka koma makon da ya wuce maimakon farawa daga tushe.